GAWAYIN DA AKE SAYARWA DA GIRAM: DARASI GA 'YAN KASUWAR YOLA DA JIMETA

YOLA — Duk wanda ya saba bin hanyar da ta tashi daga Jimeta zuwa Numan, ko wadda ta nufi Mayo Belwa, ya san buhunan gawayin da akan jera a bakin titi ana jiran mai saye. Sana'a ce da ta daɗe tana ciyar da gidaje masu yawa, tun daga mai sare itace a daji, da mai toyawa, da direban mota, har zuwa mai sayarwa da kwano a unguwa. Amma sana'ar ta shiga tsaka mai wuya. A gefe guda, tsadar rayuwar da ta biyo bayan janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, ta ƙara tura magidanta ga girki da gawayi. A ɗaya gefen kuma, a cikin wannan shekarar ce gwamnatin Jihar Adamawa, ƙarƙashin Gwamna Ahmadu Umaru Fintiri, ta haramta sare itatuwa domin yin gawayi, saboda yadda dazuzzukan jihar ke ƙarewa.

Abin da galibin masu wannan sana'a ba su sani ba shi ne, irin aikin da suke yi a daji, wato gasa abu cikin zafi tare da hana iska isa gare shi, shi ne ainihin aikin da wasu masana kimiyyar sinadarai suka duƙufa a kai a ƙasashen Turai da Amurka da Asiya. Bambancin kawai, su ba kirya ko marke suke toyawa ba, wata irin roba ce mai ɗaukar wutar lantarki. Kuma abin da ke fitowa daga tanderunsu ba da buhu ake auna shi ba, da giram ake aunawa. Wannan maƙala za ta bayyana yadda ake wannan aiki, da dalilin darajar abin da ake samu, da kuma matakin da ɗan kasuwar wannan yanki zai iya takawa a kai ba tare da ya yi asarar jarinsa ba.

ASALIN ROBAR DA KE ƊAUKAR LANTARKI

Kowa ya san cewa roba ba ta barin wutar lantarki ta wuce, shi ya sa ma ake naɗe wayoyin wuta da ita. Wannan sani ya samu gyara a shekarar 1977, lokacin da masana uku, Hideki Shirakawa na ƙasar Japan, da Alan MacDiarmid da Alan Heeger na Jami'ar Fensilbaniya ta Amurka, suka nuna cewa idan aka shayar da wata roba da tururin aidin, ƙarfinta na ɗaukar lantarki kan ninka sau miliyoyi. Wannan bincike ne ya sa aka ba su lambar yabo ta Nobel a fannin kimiyyar sinadarai a shekarar 2000.

Cikin dangin irin wannan roba, biyu ne suka fi shafar batunmu: polianilin da polipirol. Ana haɗa ta farkon ne daga wani ruwa mai suna anilin, wanda tarihinsa ba baƙo ba ne ga ƙasar Hausa. A shekarar 1826 wani Bajamushe, Otto Unverdorben, ya fara samo shi ta hanyar gasa shuni, wato irin launin da marina ke samu daga baba, kamar na karofin Ƙofar Mata a Kano. Sunan ma kansa ya samo tushe ne daga kalmar da Larabawa ke kiran shuni da ita. A yau ba daga shuni ake samun anilin ba, daga sinadarin benzin ake haɗa shi a masana'antun sarrafa man fetur, kuma ana yin miliyoyin tan nasa a kowace shekara domin soson katifa da roba da rini da magunguna.

Abin lura a nan shi ne, a jikin kowace gaɓa ta waɗannan robobi biyu akwai ƙwayar zarra guda ta naitirojin, wato sinadarin nan da manomi ke nema a cikin takin yuriya. A polianilin nauyin naitirojin ya kai kimanin kashi 15 cikin 100, a polipirol kuwa ya ɗan haura kashi 20 cikin 100. Wannan shi ne jarin da ake son a tsira da shi bayan an toya.

YADDA AKE GINA SIFFAR

Kafin a kai ga tanderu, sai an fara ƙera robar cikin siffar da ake bukata, kuma siffar ƙarama ce ƙwarai. Ma'aunin da ake amfani da shi sunansa nanomita. Idan aka ɗauki milimita guda, wato ƙaramin zanen da ke jikin rula, aka raba shi gida miliyan ɗaya, to kashi guda shi ne nanomita. Kaurin gashin kan mutum ya kai nanomita 80,000 ko kusa da haka, alhali zaren polianilin da ake magana a kai kaurinsa kan tsaya tsakanin nanomita gommai zuwa 'yan ɗaruruwa.

Hanyar haɗin ba ta da wuyar fahimta. Ana zuba anilin cikin ruwa, a ƙara wani gishiri mai sa gaɓoɓin su sarƙe da juna su zama doguwar sarƙa, cikin ɗan lokaci sai ruwan ya rine, wani gari mai launin kore-kore ya kwanta. Sirrin yana ga tsamin ruwan. Idan tsamin ya yi ƙarfi, garin kan fito dunƙule-dunƙule kamar tsaba. Idan kuwa aka fara da ruwa mai sauƙin tsami, irin na ruwan khal, sai robar ta fito a siffar 'yan ƙananan bututai masu rami a tsakiya. Polipirol ma haka yake: idan aka sa wani rini ruwan lemo a cikin haɗin, robar kan girma a kewayen ƙananan allurorin rinin ta zama bututu.

Masu bincike a Cibiyar Nazarin Robobi ta birnin Firag a Jamhuriyar Cek, irin su Jaroslav Stejskal da Miroslava Trchová, da takwarorinsu na Jami'ar Belgired a ƙasar Sabiya, irin su Gordana Ćirić-Marjanović, suna cikin waɗanda suka yi fice wajen wannan aiki tun daga shekarun 2000. Su ne suka yi ta nunawa cewa siffar da aka gina cikin ruwa ba ta rushewa idan ta shiga wuta.

ABIN DA KE FARUWA A CIKIN TANDERU

Mai toya gawayi yakan tara itace, ya lulluɓe shi da ciyawa da ƙasa, ya bar 'yan ƙofofi kaɗan, domin ya san idan iska ta samu hanya sosai, toka zai kwasa. Masanin sinadarai ma wannan ƙa'idar yake bi, sai dai shi yakan sa garin robar cikin wani bututu na tangaran ko na gilashi mai jure wuta, ya riƙa busa iskar naitirojin ko ta agon a ciki domin ta kore iskar oksijin baki ɗaya, sannan ya riƙa ɗaga zafi sannu a hankali, digiri kaɗan a kowane minti.

A matakin farko, ƙasa da digiri 200 a ma'aunin Salshiyas, ruwa ne da ragowar tsami ke fita. Daga nan sai sarƙoƙin robar, waɗanda da kowace ke zaman kanta, su fara ɗaurewa da maƙwabtansu, su zama kamar saƙar tabarma. Wannan mataki shi ne ginshiƙin aikin duka. Ledar da muka sani, idan ta ji wuta narkewa take yi ta zama ɗigo, duk siffarta ta ɓace. Polianilin da polipirol kuwa ba sa narkewa, sai dai su ƙara ƙanƙamewa, don haka bututu ya kan ci gaba da zama bututu, zare ya ci gaba da zama zare, sai 'yar tsukewa kawai.

Idan zafi ya kai digiri 600 zuwa 900, sai yawancin haidirojin ya fice, abin da ya rage ya zama shimfiɗar kabon mai kama da saƙar zuma, da ƙwayoyin naitirojin a sarƙe a cikinta. A irin zafin digiri 650, abin da kan rage bai wuce kusan rabin nauyin da aka sa ba. Wannan ba ƙaramin rabo ba ne idan aka kwatanta da murhun ƙasa na gargajiya, inda sai an ƙona kilo 5 zuwa kilo 10 na itace kafin a samu kilo guda na gawayi.

Akwai ciniki a cikin zaɓen zafin, kuma duk ɗan kasuwa zai gane shi. Idan zafin ya yi ƙasa, naitirojin da yawa zai tsira, amma kabon ɗin ba zai ɗauki lantarki sosai ba. Hasali ma a tsakiyar tafiya robar kan rasa ƙarfinta na asali kafin sabon ƙarfin ya zo. Idan zafin ya yi sama, kabon zai ɗauki lantarki da kyau, amma naitirojin zai yi ta tserewa har ya koma ɗan kaɗan. Ba a samun biyun a cike lokaci guda. Don haka kowane mai bukata da zafin da ya dace da kayansa.

Mai karatu zai iya tambaya: tun da robar na ɗaukar lantarki tun farko, mene ne amfanin toya ta? Amsar ita ce ƙarko. Polianilin kan rasa ƙarfinsa idan ya shiga ruwa mai kanwa-kanwa, zafi na lalata shi, kuma idan ana yi masa caji ana saukewa yakan yi ta kumbura yana tsukewa har ya farfashe. Kabon ba ya jin waɗannan. Wato an ba da rabin nauyi ne a sayi tsawon rai.

Wannan dabara tana da kakanni. A shekarun 1879 da 1880 Thomas Edison ya toya zaren auduga, daga baya ya koma ga gora, domin samun zaren da ke haskawa a cikin ƙwan lantarki. A wajen shekarar 1960, Akio Shindo na birnin Osaka ya gano yadda ake toya zaren roba irin na ulun kanti ya zama zaren kabon mai ƙarfi, kamfanin Toray ya fara sayar da shi a 1971. A yau kusan rabin nauyin jikin jirgin sama samfurin Boeing 787 na kayan haɗi ne da wannan zare ya fi yawa a cikinsu. Darasin a nan shi ne, daga ɗakin gwaji zuwa babbar kasuwa tafiyar shekaru gommai ce.

AIKIN NAITIROJIN A CIKIN KABON

Shimfiɗar kabon tsantsa lafiyayya ce, kowace ƙwaya daidai take da 'yar'uwarta, saboda haka ba ta cika kama wani abu ba. Ƙwayar naitirojin kuwa ta fi ta kabon yawan lantarki da guda ɗaya, kuma ta fi ta ƙarfin janyo lantarki zuwa kanta. Duk inda ta zauna sai ta karkatar da ma'aunin wurin, ta mai da shi tamkar ƙugiya. Ruwa ya fi jiƙa irin wannan kabon, gishirin da ke narke cikin ruwa ya fi manne masa, kuma iskar oksijin ta fi samun inda za ta sauka.

Wurin zaman naitirojin ɗin ma yana da tasiri. Wani kan zauna a bakin shimfiɗar, wani a tsakiyarta a madadin ƙwayar kabon. A shekarar 2016 masu bincike a Jami'ar Tsukuba ta Japan suka buga sakamakon da ya nuna cewa wajen sarrafa oksijin, ƙwayoyin kabon da ke maƙwabtaka da naitirojin na bakin shimfiɗa su ne ke yin aikin. Siffar bututu ko zare kuwa amfaninta shi ne ta buɗe hanya, ruwa da iska su isa ga waɗannan ƙugiyoyi cikin sauri, maimakon su kasance a binne cikin dunƙule.

INA KASUWAR TAKE?

Kasuwa ta farko ita ce ta maye gurbin filatinom. Akwai wata na'ura da ke haɗa iskar haidirojin da oksijin ta ba da wutar lantarki, ba ta fitar da komai sai ruwa. Ana kiran ta batirin haidirojin, kuma ana sa ta a motoci da injinan ba da wuta. Haɗuwar ba ta yiwuwa da sauri sai da wani sinadari mai zuga ta, wanda galibi filatinom ne. Shi kuwa wannan ƙarfe abin da ake haƙowa a duniya duka bai kai tan 200 a shekara ba, alhali zinariya ta haura tan 3,000, kuma kusan kashi 70 cikin 100 nasa daga Afirka ta Kudu yake fitowa. Duk wanda ya samo madadinsa mai araha ya samu kasuwa.

A shekarar 2009 ƙungiyar Liming Dai a Amurka ta nuna cewa ƙananan bututan kabon masu naitirojin na iya sarrafa oksijin ba tare da wani ƙarfe mai tsada ba a ruwa mai kanwa-kanwa. A 2011 kuma Gang Wu da Piotr Zelenay da abokan aikinsu na Cibiyar Bincike ta Los Alamos suka haɗa polianilin da gishirin baƙin ƙarfe da na kobal, suka toya a zafin da ya kai digiri 900, suka samu sinadarin zuga da ya yi aiki na sa'o'i 700 a cikin batirin haidirojin. A 2017 kamfanin Ballard na Kanada da Nisshinbo na Japan suka sanar da ƙaramin batirin haidirojin na sayarwa wanda aka sa masa irin wannan kabon a madadin filatinom a ɓangaren oksijin. Duk da haka, a manyan motoci filatinom bai sauka daga kujerarsa ba, domin ya fi daɗewa yana aiki.

Kasuwa ta biyu ita ce ta ajiyar lantarki. Akwai wani ɗan'uwan batir da ake kira sufakafasita, wanda ke cika cikin daƙiƙoƙi ko 'yan mintuna, yana kuma jure caji da saukewa sau dubun dubata, ko da yake bai kai batir yawan abin da yake riƙewa ba. Tun 2006 birnin Shanghai na ƙasar Sin ya sa motocin safa masu amfani da shi, suna shan caji a tashoshin ɗaukar fasinja. Lantarkin a saman fatar kabon yake taruwa, saboda haka yawan fili da yawan ƙugiyoyi su ne riba. Wannan batu ya shafi yankin da Kamfanin Rarraba Wutar Lantarki na Yola ke kula da shi, wato jihohin Adamawa da Taraba da Borno da Yobe, inda shaguna da asibitoci da gidaje da yawa suka koma ga hasken rana, kuma abin da ya fi ci musu kuɗi shi ne sauya batir.

Kasuwa ta uku ita ce ta tace ruwa da iska, da na'urorin gano sinadarai a jini ko a abinci, inda ɗan kaɗan na kayan ke isa.

LISSAFIN KUƊI

A nan ne ya kamata ɗan kasuwa ya natsu. Idan kilo guda na roba zai bar rabin kilo na kabon, to kuɗin ɗanyen kaya ya ninka biyu tun kafin a lissafa iskar naitirojin ta kwalba, da wutar da za ta riƙe tanderu sa'o'i da dama ba yankewa, da albashin ƙwararru, da na'urar hangen ƙananan abubuwa da za ta tabbatar wa mai saye cewa bututan na nan yadda aka ce. Yankewar wuta sau ɗaya a tsakiyar toyi na iya lalata kayan duka.

Ɗanyen kayan ma sai an shigo da shi. An buɗe sashen sinadarai na matatar mai ta Kaduna a 1988, kuma benzin na cikin abubuwan da aka tsara zai samar, amma matatar ta shafe shekaru ba ta aiki yadda ya kamata. Wato duk wanda zai yi polianilin a Yola da kuɗin waje zai sayi anilin, ya ɗauko shi daga tashar jiragen ruwa ya ratsa ƙasar da shi. Bugu da ƙari, anilin guba ne da ke shiga jiki ta fata, hayaƙin toyin kuma na ɗauke da iskoki masu kisa, don haka ba aikin bayan gida ba ne. Masu sayen kayan kuwa ƙalilan ne, suna ƙasashen waje, kuma ba sa karɓar kaya daga sabon hannu sai bayan doguwar jarrabawa.

Gaskiyar magana ita ce, wannan ba sana'ar da za a zuba mata jari gobe ba ce a Jimeta. Amma da za a tsaya a nan, da an bar darasin a baya.

MATAKALA MAI HAWA UKU

Sana'ar kabon matakala ce. A hawa na farko akwai gawayin girki, wanda ake toyawa a zafin digiri 400 zuwa 500, a sayar da buhu. A hawa na uku akwai kabon mai naitirojin da muka bayyana. A tsakaninsu kuwa akwai gawayin tacewa, kuma a nan ne damar take.

Ana yin gawayin tacewa ne ta hanyar mai da gawayi cikin tanderu a busa masa tururin ruwa a zafin digiri 800 zuwa 1,000, ko kuma a jiƙa ɗanyen kayan da wani sinadari kafin a toya a zafin da bai kai haka ba. Wannan kan huda masa ƙofofi marasa adadi, har filin da ke cikin giram guda ya kai murabba'in mita 1,000. Wato giram 10, abin da bai cika tafin hannu ba, na ɗauke da filin hekta guda. Da shi ake cire wari da launi da ɗanɗanon kulorin a masana'antun ruwan leda da na gora, da shi ake wanke sukari da man girki, ana amfani da shi a kamfanonin lemon kwalba da na magunguna, da wajen tsamo zinariya. Galibin wanda ake amfani da shi a Nijeriya daga ƙasashen waje ake shigo da shi.

Ƙasar Siri Lanka misali ce. A da ɓawon kwakwa da gawayinsa take sayarwa da araha. A 1973 aka kafa kamfanin Haycarb domin mai da ɓawon gawayin tacewa, kuma a yau yana cikin manyan masu wannan sana'a a duniya, har ya kai ga yin kabon da ake sawa cikin sufakafasita. Bai fara daga saman matakala ba, hawa ɗaya-ɗaya ya bi.

Adamawa ba ta da kwakwa, amma tana da abin toyawa wanda ba ya bukatar a sare ko reshe guda. Akwai tuƙar rake a kamfanin sukari na Savannah da ke Numan, wanda rukunin Dangote ya karɓa a 2003, ko da yake kamfanonin sukari kan ƙona kaso mai yawa na tuƙarsu domin samun tururi. Akwai ɓuntun shinkafa daga gonakin rani na tafkin Geriyo da sauran fadamun Binuwai, akwai ɓawon gyaɗa, da totuwar masara, da karan auduga. Kowanne da halinsa. Ɓuntun shinkafa na da toka mai yawa, kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyinsa, galibinta sinadarin yashi ne, sai an wanke ta. Tuƙar rake da totuwa kan ba da gawayi mai taushi, wanda ya fi dacewa a niƙa shi gari domin wanke sukari da mai. Ƙwallaye masu tauri su ne ke ba da tsaba mai ƙarko irin wadda ake zubawa a tukunyar tace ruwa.

Daga hawa na biyu kuma akwai gajeriyar hanya zuwa na uku, wadda ba ta bi ta anilin ba. Masu bincike a ƙasashe da dama sun nuna cewa idan aka cakuɗa ragowar amfanin gona da yuriya aka toya ba iska, wani kaso na naitirojin kan shiga jikin kabon. Yuriya kashi 46 cikin 100 na nauyinta naitirojin ne, kuma a gida ake yin ta: akwai masana'antar Indorama a Eleme, akwai ta Dangote a Lekki wadda aka buɗe a 2022 da ƙarfin tan miliyan 3 a shekara. Haka nan an samu irin wannan kabon daga abubuwan da Allah Ya halitta da naitirojin a jikinsu, kamar ɓawon kifi da gashin kaji. Ga garin da ya yi suna da bikin kamun kifi na tafkin Njuwa, wanda kuma ke zaune a gaɓar Binuwai, wannan ba labarin nesa ba ne.

Sai dai a faɗi gaskiya: kabon da aka samu ta wannan hanya bai kai na roba daidaiton siffa ba. Robar da aka haɗa a ɗakin gwaji kullum iri ɗaya ce, ɓuntun bana kuwa ba lallai ya zama kamar na bara ba. Wannan daidaito shi ne abin da mai sayen kayan roba ke biya da tsada. Amma mai tace ruwan rini, ko mai ƙera ƙaramin kayan ajiyar lantarki, ba lallai ne ya bukaci wannan matsayi ba.

ABIN DA ZA A FARA DA SHI

Duk mai niyyar shiga sana'ar gawayin tacewa, abu huɗu ke gabansa. Na farko, ya nemi mai saye kafin ya sayi tanderu, ya ji irin kayan da masana'antar ruwa ko ta mai ke amfani da shi, gari ne ko tsaba, da yawan da take ci a wata. Na biyu, ya san ma'aunin kasuwar. Ba da ido ake sayen wannan kaya ba. Akwai gwajin aidin, wanda ke nuna yawan miligiram na aidin da giram guda zai shanye, kuma mai kyau kan kai 900 zuwa 1,000 ko fiye. Ana kuma auna danshi, da yawan toka, da tauri. Kayan da zai taɓa ruwan sha ko abinci sai ya cika sharuɗɗan hukumomin SON da NAFDAC.

Na uku, ya ƙulla hulɗa da masana. Jami'ar Modibbo Adama da ke Girei, wadda aka kafa a 1981 a matsayin Jami'ar Fasaha ta Tarayya ta Yola, tana da malaman kimiyyar sinadarai. Akwai Cibiyar Binciken Fasahar Sinadarai ta Ƙasa da ke Basawa a Zariya, akwai kuma Hukumar Bincike da Bunƙasa Ɗanyun Kaya ta Ƙasa, wadda aka kafa da doka a 1987 musamman domin rage dogaron masana'antu ga kayan waje. Jami'o'in ƙasar nan sun yi rubuce-rubuce masu yawa kan gawayin tacewa daga ragowar amfanin gona; abin da ya yi ƙaranci shi ne mai jarin da zai fitar da su daga kan kanta zuwa kasuwa.

Na huɗu, ya yi lissafin tattara kaya. Ɓuntu da totuwa ba su da nauyi amma suna cin wuri, kuɗin mota na iya cinye ribar tun kafin a kunna wuta. Mafita ita ce a yi toyin farko a kusa da injin casa ko gona, cikin tanderun ganga mai murfi, a kai gawayin kawai zuwa inda za a huda shi. A nan ne masu toya gawayi na gargajiya, waɗanda dokar 2023 ta shafi abincinsu, za su iya samun sabon gurbi, domin sanin halin wuta da hayaƙi ba abu ne da ake koya a rana ɗaya ba.

Abin da binciken Firag da Belgired da Los Alamos ya tabbatar shi ne, kabon ɗaya ne a ko'ina. Abin da ke raba farashin buhu da farashin giram shi ne sanin abin da aka sa a wuta, da iya riƙe zafi a inda ake so, da iya nuna wa mai saye shaida a rubuce cewa kayan yau daidai suke da na jiya. Itacen kirya kan ɗauki shekaru masu yawa kafin ya isa sara, ɓuntun shinkafa kuwa kowace kaka sai an tara shi tsibi-tsibi a bayan injin casa, wani lokaci ma a cinna masa wuta don a rabu da shi. Ɗan kasuwar da ya fara auna wannan tsibi da sikeli, ya kai samfurinsa ɗakin gwaji, shi ne ya taka hawa na biyu.